Ƙyallen Hauwa a Bargon Aisami

A shekarar da fara ta sauka kan gonakin Muniyo ta cinye gero tun yana tsaye, mutanen ƙauyuka suka yi ta gangarowa Gure daga wajen Kelle da Bune, kowa da ɗan ƙunshinsa da 'ya'yansa. Gure ɗin ma ba ta da abin ba su. Cikin manyan, wasu suka mutu, wasu suka nausa kudu, ƙasar Ingilishi, da alkawarin za su dawo da hatsi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da aka bar wa garin shi ne yara. Da rana suna yawo tsakanin kasuwa da lambunan kwari suna tsintar dabinon da ya faɗi, in kasuwa ta watse su shige rumfuna su kwanta a kan rairayi. Haka aka yi ta yi har kaka ta wuce, ɗari ya fara shigowa.

A cikinsu akwai Zaliha, yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba, da ƙanenta Aisami, wanda bai daɗe da sauka daga goyo ba. Uwarsu ta rasu a kan hanyar Kelle. Aisami yana da wani tari mai tashi daga can cikin ƙirji, wanda in ya kama shi sai ya durƙusa ya dafa ƙasa. Kafin uwar ta rasu ta gaya wa Zaliha cewa irin tarin nan zafi ne maganinsa, da bazara ta shigo zai tafi. Saboda haka abu ɗaya Zaliha ta sa a gaba: ta kai yaron nan bazara da ransa. Takan ɗebo wa masu lambu ruwa su ba ta 'yar albasa ko ɗanyen rogo, ta tauna ta ba shi, in za su kwanta ta kwance ɗan zanenta ta naɗe shi a ciki.

Duk garin ya san da yaran nan. Ba a zuwa sayen gishiri ba a tsallake ƙafar ɗayansu ba. Amma tausayinsu bai sami hanyar shiga manyan gidaje ba sai da ya zagayo ta bariki. Mariya, matar Ado tafinta, ta je gaida Madam, matar kumandan, ta ga wani bargo shimfiɗe a kan gado, an harhaɗa shi da ƙyallaye iri-iri, an cusa auduga a tsakiya. Madam ta gaya mata ta bakin kuku cewa a ƙasarsu matan manya ne ke taruwa su ɗinka irinsa su ba marayu. Mariya ta fito tana ta juya zancen matan manya a ranta. Marayun kuwa sai da ta kusa gida ta tuna da su.

Ta kai labarin gidan Barmo. Shi Barmo ɗan kasuwa ne daga Damagaram, mai rumfar tufafi da raƙuman kanwa, kuma rumbunansa na cikin 'yan kaɗan ɗin da ba a ga gindinsu ba a shekarar. Matarsa Hauwa mace ce da ba ta iya jin an yi wani abin kirki a duniya ba tare da ta so a ce ita ta fara ba. Kafin Mariya ta gama shan ruwan da aka kawo mata, shawarar ta zama ta Hauwa.

"Ni dama abin nan ya daɗe yana cina," in ji Hauwa. "Sai in kasa cin tuwo in na tuna da yaran nan."

Wanda ya dubi wuyan Hauwa ya san ba ta kasa cin komai ba, amma Mariya ta ce, "Allah Sarki, Yaya. Ai an san halinki."

Aka aika wa matan manyan gidaje, aka sa bayan azahar a tsakar gidan Hauwa. Aka gayyato har da Yakura, wata gwauruwa Babarbariya mai ɗan lambu a kwari, wadda ke kawo wa gidan yakuwa da albasa. Ba don ɗinkinta aka kira ta ba. Sauran duk matan kulle ne, ana bukatar mai ƙafar zuwa kasuwa. Yakura ta sani, kuma bai dame ta ba, don tun da take ba a taɓa shimfiɗa mata tabarma a gidan nan ba, balle a miƙo mata goro, sai a wannan karon.

A Gure ɗinki aikin maza ne. Mace kaɗi ta sani da saƙar faifai. Don haka an sha soke yatsu, an sha tsaki. Mariya, wadda Madam ta nuna wa sau ɗaya tak, ta naɗa kanta malama, tana bi tana karɓe allura a hannun mutane.

Da farko kowa tsummanta ta kawo, zannuwan da suka koɗe har ba a gane asalin launinsu. Da an tsaya a nan da yaran sun ji ɗumi, da labarin nan ma bai taso ba. Amma a zama na gaba wata ta zo da ɓarin saƙi mai kyau, ta ce ita kunya ba za ta bar ta ta ba Allah tsumma ba. Maganar ta sauka inda aka aike ta. Washegari Mariya ta yanko atamfarta ta Kano mai ɗorawa. Wata ta kawo baƙin zane mai sheƙi wanda har yanzu shuni ke fita a jikinsa. Hauwa ta zuba musu ido har suka gama, sannan ta shiga ɗaki ta fito da jan baragenta, zanen saƙi mai alharini.

Babu wanda bai san baragen nan ba a Gure. Shi ta ɗaura ranar sunan ɗanta na fari, aka yi wata guda ana zancensa a bakin rijiya. Ta shimfiɗa shi, ta sa almakashi, ta tsaya sai da ta tabbata kowa na kallo, sannan ta yanka.

"Yaya, barage?" in ji Mariya. "Wa yaran kasuwa?"

"Mi a ciki? Duniya ce. Ni abin da zan tarar nake nema."

Daga nan rigima ta koma kan wurin da ƙyallen kowa zai zauna. Kowace na son nata a tsakiya, inda zai faɗo a gadon bayan yaro in ya yafa, don mai tafiya a bayansa ya gani. Gefe kuwa, inda zai ja ƙasa, ba mai so. An yi fushi, wata ta ɗauke ƙafa kwana biyu sai da aka je biko. A ƙarshe aka shirya: kowane bargo da mai tsakiyarsa. Tsummokaran farko, har da koɗaɗɗen baƙin zanen Yakura, aka mai da su ciki, ɓangaren da ke taɓa jiki, inda ido ba ya kaiwa. Gaskiya kuma barguna sun yi kyau, sun yi kauri, don ba a yi rowar auduga ba.

Ranar rabo aka share ƙofar gidan Barmo, aka yayyafa ruwa. Aka kira Yabawa maroƙiya, mai muryar da ake ji har bariki. Yakura ta je kasuwa ta koro yaran, suka jeru a zaure suna raba ido. Yabawa na ɗaga kowane bargo tana faɗin sunan mai ƙyallen da sunan mijinta da na ubanta, kamar akwai wanda bai gane ba.

Bargon da ke da babban ƙyallen barage a tsakiya Hauwa ta riƙe shi har ƙarshe. Ta dubi yaran ta zaɓi wanda ya fi kowa ban tausayi, wato Aisami. Ta leƙo har bakin zaure, abin da ba ta saba ba, ta yafa masa da hannunta, ta gyara masa a wuya, ta shafa kansa. Mata suka yi guɗa.

Zaliha ta durƙusa har ƙasa. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Inna, mun gode. Mun zama naki."

"Sosai, 'yata, sosai," in ji Hauwa, kunnenta na wajen Yabawa.

To a nan ne gizo ke saƙar, kuma babu wadda za ta ce ba ta sani ba. A ƙasar nan, in babbar mace ta cire tufa daga jikinta ta sa wa na ƙasa da ita a gaban mutane, ta zama uwar ɗakinsa ke nan. Shi zai zo gaisuwa, ya yi shara, ya je aike. Ita kuma abincinsa na wuyanta, in ya yi ciwo ita ake tambaya. Kowace a cikin matan nan tana da 'yan ɗakinta da ta samu ta wannan hanyar, kuma da wata za ta yi wa 'yar ɗakinta rowa, su ne za su fara yi da ita. Abin da ya faru kawai shi ne, ba su taɓa lissafa yaran kasuwa cikin mutanen da al'ada ke hawa kansu ba. Yaran kuwa iyayensu sun koya musu kafin su mutu.

Da hantsi washegari, baiwar gidan ta fito zubar da toka ta tarar an share ƙofar gida tas. Zaliha na zaune a gefe da tsintsiyar kaba da ta aro, Aisami na jingine da ita cikin bargonsa, jan barage na ɗaukar ido. Suka gaida ta da ladabi, suka ci gaba da zama. Ba su roƙi komai ba, don ɗan ɗaki ba ya roƙo, jira yake yi.

A sauran gidajen ma haka. Kowane yaro ya dubi tsakiyar bargonsa ya nufi ƙofar mai shi. Masu wayo suka lura akwai wasu ƙyallayen a gefe, suka riƙa kai gaisuwar rana can.

Ranar farko Hauwa ta sa aka kai musu fura da nono, don maƙwabta na kallo. Rana ta biyu ma haka. Zaliha ba ta ci bulus ba: ta ɗebo ruwa, ta wanke tukwane, ta yi surfe har hannunta ya yi kanta. Aisami ya sha kunu mai zafi safe da yamma. Cikin 'yan kwanaki tarin ya fara sassautawa, har aka ga yaron yana bin 'yan awaki da gudu, bargo na jan ƙasa a bayansa. Zaliha ta fara dariya, abin da mutanen kasuwa suka ce ba su taɓa gani ba.

Gari kuwa ya ɗauki abin yadda yake. Aka fara cewa Aisamin Hauwa. Masu zuwa gaisuwa su ce, "Ƙaƙa jikin ɗan naki? Mun ji tarin ya yi sauƙi." Wata tsohuwa ta ba ta shawarar ta riƙa dafa masa citta da kanwa. Wata kuma, mai son tsokana, ta tambaya ko in ya isa kaciya za a haɗa shi da ɗan Hauwa na cikinta, tunda yanzu 'yan'uwa ne. Hauwa ta yi yaƙe.

Barmo ne ya fasa ƙwan. Ya shigo da la'asar ya tarar da yara a zaurensa suna lashe ƙwarya.

"Ke, wannan mi ke nan? Gidana ya koma gidan sarki?"

"Maigida, sadaka ce."

"Bargo kika ce mini za ku ɗinka. Ba ki ce mini za ki buɗe rumbu ba. Damina na da nisa. In kin ɗauko 'ya'ya, ki nemo musu gona."

Da matan suka taru, ashe kowace da irin nata kukan. Mijin Mariya ya ce yara na bin sa har ƙofar bariki suna ce masa Baba a gaban masu gadin kumandan. Wata ta ce an fara kiran wata yarinya mai ƙazuwa da sunanta. Kora kuwa ba ta yiwuwa. Yaro na yafe da zanenki a tsakiyar kasuwa, a ce kin kore shi daga ƙofarki? Yabawa ɗin da ta yi kirari ita za ta fara yin habaici.

"Ni ban ga laifin yaran ba," in ji Hauwa, bayan ta yi dogon tunani. "Ƙyallayen ne suka ruɗe su. Kuma ni tun farko raina bai kwanta ba. Sadakar da aka san mai ita, ina ladanta? Riya ce. A cire kowane ƙyalle, a sa farin akoko, wanda ba na kowa ba. Sai ya zama tsakaninmu da Allah."

Na rantse, sai da wasu suka share hawaye don jin wannan tsoron Allah. Nan take aka yarda. Aka ce wa Yakura ta je ta karɓo bargunan, ta ce za a wanke ne saboda ƙwarƙwata.

Yakura ta san ƙarya ce aka ɗora mata, ta kuma san sanyin da ake yi, don ita ke fita kwari da asuba ta ga ruwan rijiya na hayaƙi. Ta buɗe baki, ta dubi tabarmar da take zaune a kai da goron da ke hannunta, ta rufe. Ta tafi.

Sauran yaran suka ba da nasu ba gardama. Zaliha ce ta riƙe gefen na Aisami.

"Iya, babu ƙwarƙwata. Kullum ina shanya shi, ina dubawa."

"Innarku ce ta ce. Gobe za a maido."

"To a bari sai rana ta yi zahi. Yana tari."

"Gobe-goben nan, na ce miki. Ko ba ki yarda da innarki ba?"

Zaliha ta saki. Ita ce ma ta ninke shi da kanta, ta miƙa da hannu biyu.

Aikin da ya ci makonni ana ɗinkawa, yini ɗaya ya isa a farke shi. Ban taɓa jin an yi aiki da zafin nama irin na ranar ba, ba wadda ta soke yatsa, ba wadda ta nemi Mariya ta koya mata. Kowace ta cire nata ta kakkaɓe ta ninke. Auduga ta zubo ta ramukan, iska na yawo da ita a tsakar gida, bayi suka tattara aka ce a kaɗa, kada a yi asara. Da yamma abin da ya rage tulin tsummokara ne masu manyan ramuka, an jibge su a gindin rumbu.

Saura akoko. A rumfar Barmo akwai shi bandir-bandir, kowa ya sani. Amma Hauwa ta ce ita ta riga ta yanka baragenta, bai kamata a sake dubanta ba. Mariya ta ce ita ta kawo dabarar tun daga bariki, kuma ita ta koyar. Wadda ta kawo ɓarin saƙi ta ce mijinta ya yi tafiya. Ka ga farin ƙyalle ba ya faɗin sunan mai shi, don haka ba wadda ta ga dalilin da zai sa ya fito daga hannunta. Aka ce a bari sai zama na gaba. A zama na gaba aka yi zancen bikin wata 'yar Damagaram, lokaci ya ƙure.

Zaliha ta zo da safe kamar kullum ta share ƙofa. Baiwa ta fito ta ce uwar gida ba ta jin daɗi, kuma daga yau an ɗauki mai shara. Zaliha ta tambayi bargo, aka ce bai bushe ba. Ta dawo washegari, aka ce ana gyara. Aisami na tsaye a bayanta cikin ɗan zanenta, ba ja, ba ɗorawa, yaron kasuwa kamar kowane. Mutane suka daina cewa Aisamin Hauwa, don ba sa son rigima da gidan da suke sayen hatsi.

A kwanakin nan ne ɗari ya yi tsananin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Tarin ya dawo, ya fi na da. Zaliha ta tare Yakura a hanyar kwari ta kama bakin zanenta.

"Iya, kin ce gobe."

"Zan yi magana yau."

Ba ta yi ba. Tana da ɗaki, tana da murhu, kuma ta yi tunanin ta kwashe su ta kai can. Sai ta tuna in ta yi haka ta nuna wa gari cewa ta fi Hauwa, kuma Hauwa ce ke sayen rabin abin da lambunta ke bayarwa. Ta ba Zaliha ɗan rogo, ta ce Allah ya sawwaƙe. Sai da ta ji a kasuwa ana cewa yaron ba ya iya tashi, sannan ta faki ido ta zaro bargonsa daga gindin rumbu ta kai. Ba nauyi, ba auduga, ga rami a tsakiya da kan mutum zai wuce. Zaliha ta karɓa, ta ninka shi biyu ta rufa masa.

Da safe, masu buɗe rumfa suka tarar da ita zaune da shi a cinya. Ya riga ya cika.

Labari ya shiga gidan Barmo kafin hantsi. Hauwa ta yi salati, ta yi kuka har da majina, kuma ba zan ce kukan duk na ƙarya ba ne, don ta saba da ganin yaron. Sannan ta aika rumfa a yanko farin akoko, mai kyau, ba tare da an tsaya awo ba, a kai don likkafani. Akokon da aka yi kwana da kwanaki ana nema an rasa, ga shi ya fito cikin ƙiftawar ido. Ba abin mamaki ba ne. Likkafani lada ne tsantsa, kuma wanda aka naɗe a ciki ba ya dawowa da safe ya zauna a ƙofar gida. Tunda farin ƙyalle ba ya magana, aka kira Yabawa ta bi gari ta faɗi wadda ta bayar.

Aka binne Aisami kafin azahar. Bayan azahar matan suka taru kamar yadda suka saba, a yi wa Hauwa ta'aziyya, a kuma yi shawarar abin da za a ɗinka nan gaba, don Mariya ta ji Madam na zancen huluna. Yakura ma ta zo, ta zauna a bakin tabarma, ba ta karɓi goro ba, kamar hakan zai rage wani abu.

Suna cikin haka Zaliha ta shigo. Ba ta tsaya a zaure ba, ba ta yi sallama ba. Bargon na ninke a hannunta. Ta zo gaban Hauwa ta durƙusa kamar ranar farko.

"Sannu, 'yata," in ji Hauwa. "Sai haƙuri. Kin ga likkahwanin da na aika?"

"Na gani, Inna."

Ta warware bargon a kan tabarma, ta bi gefensa da yatsa har ta kai wata kusurwa, ta juyo da ita sama. A nan, inda aka kalmashe baki aka ɗinke, akwai wani siririn jan ƙyalle, bai fi tsawon yatsa ba. Ragowar barage ne da Hauwa ta sa a lokacin ɗinki don kada ko ƙyas ya tafi a banza. Ranar farkewa ido bai kai wurin ba.

"An manta wannan," in ji Zaliha. "Shi ya riƙe a hannunshi har sahe. Yana cewa na Inna ne. Masu wanka ba su lura ba, na ɓoye. Na ce in kawo ki cire, kada a ce cikin zanenki ya mutu."

Yakura ta sunkuyar da kai. Mariya ta shiga gyaran ɗankwalinta. Kowa na jira, don ko a lokacin ƙofa a buɗe take: yarinya ce guda ɗaya, mai shara, mai surfe, ga ta durƙushe, ga rumbuna a bayan Hauwa.

Hauwa ta ɗauki kusurwar bargon ta kawo kusa da idonta. Ta daɗe tana dubawa. Ta waiga wajen zaure ta ga ko akwai wani na waje da ya biyo yarinyar.

"Wa kika nuna wa?"

"Ba kowa, Inna."

"Kin kyauta. Kina da hankali." Ta miƙa hannu gefe ba tare da ta duba ba. "Mariya, ba ni almakashin nan."

Zaliha ta riƙe mata bargon da hannu biyu, ta ja shi ya miƙe, don kada ya motsa a yanka ba daidai ba.